Wasan babur a Yekuwa: Hani ya gaza, a gwada lissafi

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaukar amarya a ƙauyukan Yekuwa, ko ya yi yammaci a bakin hanya ranar kasuwa, ba sai an ba shi labarin abin da samarinmu ke yi da babur ba. Da zarar an ce ga motar amarya ta taso, sai ka ga 'yan moto sun rufa mata baya, wani ya ɗaga ƙafar gaba, wani ya miƙe tsaye a kan sirdi, wani kuma ya kwanta rub da ciki yana murza wuta, ƙura ta turnuƙe har ba ka iya ganin na gabanka. 'Yan mata na guɗa, yara na bi da gudu, tsofaffi kuwa sai salati. Idan Allah Ya tsare a watse lafiya. Idan kuwa tsautsayi ya gitta, to gidan biki ya koma gidan jinya ke nan, a kama hanyar asibitin Magarya, in abin ya yi tsanani a wuce Damagaram.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata tambaya da muka sha yi wa yaran nan idan muka iske su a fada da daddare suna shan shayi suna musu. Tambayar ita ce, wa ya ci? Har yau ba mu sami amsa guda ba. Wannan ya ce shi ya riga kowa isa bakin kuka, wancan ya ce ai ba kuka aka ce ba, rijiya aka ce, wani kuma ya ce ai wane ya riga kowa tashi. Babu inda aka shata na farawa, babu na gamawa, babu alƙali, balle wanda zai rubuta. To tun da babu wanda ya san wanda ya zo na ɗaya, sai ma'auni ya koma kan abu ɗaya da kowa ya gani da idonsa, wato wa ya fi kusantar mutuwa ya dawo. A wasan da ba shi da lissafi, ganganci ne ke zama maki. Yaron da ya ratsa tsakanin amalanke da motar kaya shi ne gwani, wanda kuma ya taka birki don ya ga tsohuwa za ta tsallaka hanya shi ne rago.

Ba a zauna haka nan ba. Iyaye sun yi faɗa, malamai sun yi wa'azi, masu gari sun yi gargaɗi, jandarmomi ma sukan kama babur a biya tara. Sai a yi shiru na 'yan makonni, daga an sake buga gangar biki kuma a koma gidan jiya. Ra'ayinmu shi ne hani kaɗai ba zai kashe wannan wasa ba, domin kuwa sha'awar tsere a jinin matashi take. Kakanninmu sun yi sukuwa da dawaki, jikokinsu kuma babur suka tarar. Abin da ya rage shi ne a duba yadda waɗanda suka riga mu shiga wannan rigima suka yi da tasu.

Akwai wani nau'in tseren babur da Turawa ke kira sifidwe, mu kuma za mu kira shi tseren kewaye. Masu tarihin wasan sukan danganta asalinsa da wani taron baje kolin amfanin gona da aka yi a garin Maitland na ƙasar Ostireliya a 1923, sannan ya shiga Ingila a 1928. A yau ƙasar Folan ce cibiyarsa, sai Ingila da Suwidin da Denmak da Ostireliya. Hukumar wasannin babur ta duniya, wato FIM, mai hedikwata a Suwizalan, ita ke kula da gasar cin kofin duniya. Filin wasan kewaye ne mai siffar ƙwai, na ƙasa da tsakuwa, ba kwalta, tsawonsa tsakanin mita 260 zuwa 425. Mutum huɗu ke tashi a lokaci ɗaya, su kewaya sau huɗu, kuma cikin kamar minti ɗaya an gama. Babur ɗin yana da inji mai ƙarfin sisi 500, yana shan man metanol, giyarsa ɗaya ce tak, yana gudun da ya haura kilomita 100 a awa, kuma abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ba shi da birki ko kaɗan.

Wani zai ce to ai waɗannan sun fi namu hauka. Haka mu ma muka ɗauka da farko, sai da muka zauna muka duba yadda suke lissafin makinsu. A kowane turmi, idan muka ari kalmar 'yan dambe, wanda ya zo na ɗaya yana da maki 3, na biyu 2, na uku 1, na huɗu kuma ya tashi a tutar babu. Wanda ya faɗi bai ƙarasa ba, shi ma babu. A gasar ɗaiɗaiku mutum 16 ke shiga, a yi turmi 20, kowa ya hau sau 5. An tsara jadawalin ta yadda kowane mahayi zai haɗu da kowane ɗaya daga cikin sauran 15 sau ɗaya, wato abokan karawa uku a turmi biyar. Ana kuma jujjuya musu wurin tashi, yanzu kana ciki, anjima kana waje, don kada wani ya ce an ba wane gefe mai kyau. Kowa da launin da ake rufa wa hular kwanonsa gwargwadon wurin da ya tashi, ja da shuɗi da fari da rawaya, don alƙali da 'yan kallo su iya bambance su cikin ƙura. Iyakar abin da mutum zai tara a turmi biyar shi ne maki 15.

Mai karatu ya lura da abin da wannan lissafi ke yi wa zuciyar mahayi. Idan ya tsinci kansa a matsayi na biyu, ya ga tsaga 'yar ƙarama tsakanin na gabansa da shinge, sai ya auna. In ya kutsa ya wuce, ya ƙara maki ɗaya. In ya kutsa ya faɗi, ya rasa biyun da ke hannunsa, mai yiwuwa kuma ya karye ya rasa sauran turamen da suka rage masa. In kuma ya kayar da abokin karawarsa, alƙali zai kunna jar fitila a tsayar da tseren, a fitar da wanda ya jawo faɗuwar, a sake tashi ba tare da shi ba. Haka nan wanda ya yi gaggawa ya taɓa igiyar tashi kafin a ɗaga ta, hukunci na jiransa, wanda ya ƙetare layin ciki da ƙafafun babur biyu an fitar da shi, wanda kuma aka kira bai iso wurin tashi cikin minti biyu ba an wuce shi. Ashe babur ɗin da muka ce ba shi da birki yana da shi, sai dai birkin a takardar maki yake. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, su kuma sun mayar da wannan magana lamba.

Su ma fa ba rana ɗaya suka kai ga haka ba, sun sha rigima a kan lissafi. A ranar 10 ga Satumba 1936 aka yi gasar duniya ta farko a filin Wembley da ke Landan. Wani ɗan Ostireliya mai suna Bluey Wilkinson ya hau sau biyar ya ci duka biyar, babu wanda ya sha gabansa a daren nan, amma da aka zo raba kyauta sai ya zo na uku. Dalili kuwa shi ne an yi dokar cewa kowa zai shigo da wasu maki na gyara daga wasannin share fage. Da aka haɗa, Lionel Van Praag na Ostireliya da Eric Langton na Ingila suka tashi da 26 kowannensu, shi kuma Wilkinson 25. Aka sa biyun nan suka yi raba gardama, Van Praag ya ci, ya zama zakaran duniya na farko. Jama'a sun ga wanda ya fi kowa a fili, takarda kuma ta nuna wani. Wilkinson ya samu kofinsa a 1938, kuma da aka dawo da gasar a 1949 bayan yaƙin duniya na biyu, an yi watsi da makin gyaran nan.

Daga nan har zuwa 1994, galibi dare ɗaya ake fitar da zakaran duniya. Wannan tsari yana da daɗin kallo, amma yana da aibi. Mutum na iya shekara yana cin kowa, ranar ƙarshe injinsa ya mutu a turmi ɗaya, shi ke nan wahalar shekara ta tafi a banza. Don haka a 1995 aka koma jerin gasanni a ƙasashe daban-daban, wanda ake kira Grand Prix, a riƙa tara maki har ƙarshen kaka. Hans Nielsen na Denmak ne ya fara cin kofi a sabon tsarin. A shekarar 2000 kuma aka ga abin da wannan tsari ke iya haifarwa, inda Mark Loram na Ingila ya zama zakaran duniya ba tare da ya ci ko da gasa ɗaya daga cikin jerin ba. Bai yi na ɗaya a ko'ina ba, amma kullum yana sahun gaba, masu cin wannan su fāɗi a wancan kuwa ya bar su a baya. Sannu ba ta hana zuwa.

A 2020 hukumar FIM ta sake gyara. Kafin nan, makin da mutum ya tara a kowane turmi shi ake zuba masa a babban jadawali, abin da ya sa a wasu lokuta wanda ya ci gasar dare yakan tafi gida da maki ƙasa da na wanda ya kayar a turmin ƙarshe. Sai aka mayar da shi bisa matsayi, na ɗaya ya sami 20, na biyu 18, na uku 16, na huɗu 14, haka har ƙasa. Duk da haka, a 2025 Brady Kurtz na Ostireliya ya ci gasa biyar na ƙarshe a jere, amma Bartosz Zmarzlik na Folan ya ɗauke kofin da ratar maki ɗaya rak, 183 da 182. Da wannan ya cika kofi shida, ya kamo Ivan Mauger na Niyu Zilan da Tony Rickardsson na Suwidin. Masoya wasan sun yi ta musu a kan ko lissafin ya yi wa Kurtz adalci, amma musu ne na mutanen da ke riƙe da takarda ɗaya a hannu, domin an sanar da dokar tun kafin a tayar da inji na farko a shekarar.

Shi wannan Zmarzlik, a watan Satumba na 2023, yana kan gaba a jadawalin duniya, aka hana shi hawa gasar Vojens ta Denmak saboda ya sa rigar tsere da ba ta dace da ƙa'ida ba a lokacin gwaji. Riga kawai. Ya rasa makin dare guda cur, ya haƙura, ya dawo a gasa ta gaba ya kare kofinsa. Muna so shugabanninmu su riƙe wannan labari, domin a wajenmu da wuya a ce wa ɗan mai gari ko ɗan alhaji wane sauka daga kan babur, ka karya doka.

Akwai wani ɓangare na lissafin da muke ganin ya fi dacewa da halinmu, wato na ƙungiyoyi. Idan gari biyu suka kara, kowane gari yana sa mutum biyu a turmi, maki shida ne kuma ake rabawa. Idan naku suka zo na ɗaya da na biyu, kun ci 5 da 1. Idan suka zo na ɗaya da na uku, 4 da 2. Amma idan gwaninku ya tsere ya yi na ɗaya ya bar abokinsa a ƙarshe, to ya kawo 3, su kuma na biyu da na uku sun kawo 3, an yi kunnen doki. Saboda haka za ka ga babban mahayi yana waiwaye, yana rage wuta, yana tare wa ƙaraminsa hanya don su shigo tare. A wasan ƙungiya mai turmi 15, maki 90 ake rabawa, wanda ya haura 45 shi ya ci. Yaron da ya tashi cikin irin wannan lissafi ya koyi cewa gudunsa shi kaɗai ba ya ciyar da garinsu gaba.

Kada wani ya ce wannan abin Turawa ne, ba za mu iya ba. Mu a Nijar mun riga mun yi irinsa da kokawa. Kokawa ta daɗe ana yin ta a dandalin ƙauye bayan girbi, kowane gari na cewa nasa ne gwani. Tun da aka fara gasar cin takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko, sai abin ya sami tsari. Kowace jiha ta kawo 'yan kokawa goma, akwai alƙalai, akwai lokaci, akwai gargaɗi ga mai gudun kamu, wanda kuma ya fāɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Yau yaro ƙarami a Yekuwa zai iya lissafa maka waɗanda suka ɗauki takobi, domin an rubuta, kuma filin kokawa na Damagaram yana ɗauke da sunan Langa-Langa. Mutanen da suka iya tsara kokawa haka ba za su kasa tsara tseren mutum huɗu ba. Sai dai muna ganin kada a kwaso dokar fāɗuwa ɗaya ka fita a kawo ta kan babur. A kokawa wanda ya yi kasada ya sha ƙasa zai tashi ya karkaɗe jikinsa. A kan babur, duk dokar da ta ce wa yaro dama ɗaya gare ka, to ta ce masa ya sayar da ransa ne. Lissafin 3, 2, 1 da babu, a turmi biyar, shi ke ba shi dalilin yin haƙuri.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko za su ce ba yara fili tamkar halatta musu ganganci ne. Gaskiya ne tseren kewaye, duk da dokokinsa da shingen iska da ake sa wa filayensa, bai rabu da hatsari ba. Lee Richardson na Ingila ya rasa ransa a wani wasa a birnin Wroclaw na Folan a 2012, Darcy Ward na Ostireliya kuma ya sami raunin laka a 2015 wanda ya raba shi da tafiya. Ba za mu ɓoye wannan ba. Amma zaɓin da ke gabanmu a Yekuwa ba tsakanin tsere da rashin tsere yake ba, domin tseren ana yin sa yau, a tsakiyar mata da yara, ba hular kwano, wani lokaci da goyon mutum biyu, wani lokaci ma bayan an haɗiyi tiramol. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma shi ne babban abin da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mahayin da ya shiga fili ya san abin da ya shiga. Tsohuwar da ke dawowa daga rijiya ba ta shiga gasa da kowa ba.

Na biyu, malamanmu za su ji tsoron caca, kuma suna da gaskiya, domin duk inda aka ce tsere, masu zuba kuɗi ba sa nisa. Maganin wannan shi ne a sa dattawa da malamai cikin kwamitin tun daga farko, kyauta ta fito daga hukuma ko 'yan kasuwa, kada ta fito daga aljihun mahaya, wanda kuma aka kama yana karɓar kuɗin caca a kore shi daga filin.

Na uku shi ne batun tsaro. Mun ga yadda aka hana hawa babur a jihar Diffa a 2015 da wasu sassan Tillaberi a 2020 saboda 'yan bindiga, mun kuma ga yadda Kano ta hana acaɓa a 2013. Yekuwa a bakin iyaka take, dole hukuma ta yi kaffa-kaffa da taron 'yan babur. To amma mu a ganinmu wannan hujja ce ta goyon bayan tsarin. Matashin da aka rubuta sunansa da na mahaifinsa da lambar babur ɗinsa a littafin gasa ya fi sauƙin sani a kan wanda ke yawo a daji babu wanda ya san da shi.

Na huɗu za a ce ina kuɗi. Ba muna cewa a sayo babura daga Folan ba ne, ba kuma muna cewa a cire wa namu birki ba, Allah Ya kiyaye. Abin da muke so a aro shi ne lissafin, shi kuwa alli da allo kawai yake ci.

Don haka ga abin da muke ba shugabannin ƙaramar hukumar Yekuwa da masu sarauta shawara a kai. Bayan an kawar da amfanin gona, a nemi fili mai tauri a bayan gari, nesa da hanya da makaranta, a shata kewaye na kamar mita 300. A jera tsofaffin tayoyi da dammunan kara a gefe, 'yan kallo su tsaya can baya da igiya. A ɗauki mutum 16, duk wanda bai kai shekara 18 ba ko ba shi da takardun babur a mayar da shi gida. Babura su kasance masu ƙarfin inji ɗaya, babu goyo, babu hawa sai da hular kwano da takalmi rufaffe. A sami ma'aikacin lafiya da motar da za ta ɗauki wanda ya ji rauni, in babu su a ɗage wasan. Alƙali ɗaya, daga wani gari, maganarsa ita ce ta ƙarshe. Malamin makaranta biyu su riƙe takardar maki, ɗaya kuma ya riƙa rubutawa a babban allo bayan kowane turmi, kowa na gani.

A karanta dokokin da Hausa a bainar jama'a kafin a fara, kuma kada a taɓa su sai shekara ta zagayo. Kada a ba kowa makin gyara saboda ya yi suna a bara ko saboda gidan da ya fito, darasin 1936 ya ishe mu. Kada kuma a ce rana ɗaya za a fitar da zakara. A yi zama huɗu ko biyar a cikin rani, a tara maki, wanda ya fi yawa ya ɗauki kyauta. Idan an gama kowane zama, a liƙa sakamakon a ƙofar ofishin ƙaramar hukuma, a kai wa gidan rediyo ya karanta, a kuma ajiye kwafi a littafi, don bayan shekara ashirin a san wanda ya ci ba tare da rantsuwa ba.

Sai kuma doka ɗaya da muke ganin ita ce uwar sauran. Duk wanda sunansa ke cikin littafin gasa, aka gan shi yana wasa da babur a wurin biki ko kasuwa ko cikin gari, a zare masa maki 5, in ya sake a dakatar da shi har ƙarshen shekara. Tarar jandarma uba ne ke biya, yaro bai ji a jikinsa ba. Amma yaron da ke saman allo da ratar maki biyu, wanda duk 'yan matan garin suka ji sunansa a rediyo, ba zai yarda ya zubar da biyar saboda ɗaga ƙafar babur a gaban motar amarya ba. Abokan ƙungiyarsa ma ba za su bar shi ba, domin asararsa tasu ce.

Idan abin ya kama ƙasa a Yekuwa, babu abin da zai hana a gayyato Kwaya da Sasumburum da Bande da Waca da Magarya, sannan a tsallaka gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, a kira Dogo-Dogo da Malawa, a yi ta gari da gari da lissafin 5 da 1. Masu gyaran babur za su samu aiki, masu sayar da abinci su yi ciniki, 'yan kabu-kabu kuma su sami wata daraja da ta wuce ɗaukar fasinja. Wanda ya saba sa hular kwano ranar gasa, sannu a hankali zai ji kansa tsirara idan ya hau babu ita ranar aiki.

Ga samarinmu kuma muna cewa, 'yan ƙannenmu, in dai da gaske kun iya babur, to ku ne ya kamata ku fara zuwa wajen manya ku nemi wannan fili. Greg Hancock na Amurka ya ci kofin duniya na huɗu a 2016 yana da shekara 46, domin ya iya lallaɓa ƙashinsa ya kai shi can. Mu kuwa nawa muka rasa tun ba su yi auren fari ba? Kada a jira sai an sake ɗauko gawa daga wurin biki sannan a kira taro, a yi ta faɗa, a watse. Kaka na tafe, fili ba ya wuya a ƙasarmu, alli kuma akwai shi a kowace makaranta. Allah Ya kiyaye mana 'ya'yanmu, Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan magana.